Kalandar da Ake Sawa a Jiki: Sharhi kan Furanni da Ganyayen Kimono

A birnin Kyoto na ƙasar Japan, idan mace ta fito a tsakiyar watan Afrilu sanye da kimono, wato doguwar rigar gargajiyar ƙasar, mai zanen reshen ume cike da fure, wanda ya san al'adar ba zai ce rigar ba ta yi kyau ba, abin da zai raya a ransa shi ne mai rigar ta makara. Itacen ume ya yi furensa tun a Fabrairu, lokacin da sanyi bai gama sakin gari ba, kuma kafin Afrilu furen ya daɗe da zubewa. Da a farkon Janairu ta sa wannan rigar, sa'ad da rassan ke tsaye ƙayau babu ko toho, da an yaba mata. Daga nan ake fara gane cewa adon furannin da ke jikin kimono yana yin aikin kalanda, kuma kalandar tana da ƙa'idojin da idon baƙo ba ya gani a kallon farko.

Kafin a shiga maganar ya kamata a daidaita sunayen lokutan shekara, domin rabon da Japanawa suke yi bai zo daidai da namu ba. Daga Maris zuwa Mayu suna da haru, lokacin da sanyi ke janyewa itatuwa su yi toho, kuma kiransa bazara, kamar yadda wasu ke yi, yana kawo ruɗani, tunda mu bazara zafi muka san ta da shi. A nan za a kira shi lokacin toho. Daga Yuni zuwa Agusta akwai natsu, wanda ke farawa da makonnin ruwan sama ba ƙaƙƙautawa sannan ya rikiɗe ya zama zafi mai gumi. Satumba zuwa Nuwamba shi ne aki, lokacin girbin shinkafa da jan ganye, wanda sunan kaka ya dace da shi. Sai fuyu, hunturu mai dusar ƙanƙara, daga Disamba zuwa Fabrairu. Tsohuwar kalandar da suka aro daga ƙasar Sin ba ta ma tsaya a huɗu ba, ta raba shekara gida 24, ta sake raba kowane gida uku, ya zama 72, kowanne kimanin kwana biyar. Mutanen da suka saba jin cewa kowane kwana biyar duniya tana sauya kama ba abin mamaki ba ne su ɗauki makara da wata guda a matsayin babban kuskure.

Babbar ƙa'idar ita ce a riga lokaci da ɗan kaɗan. Ana son a sa furen a jiki kafin ya buɗe a kan itace, da mako biyu ko wata guda, ta yadda rigar za ta zama kamar albishir. Masu koyar da sa kimono suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, cewa ba a yin gasa da furen gaske. Dalilin da ake bayarwa shi ne ladabi: idan sakura, furen itacen cherry da Japanawa ke fita kallo, ta cika gari, duk gwanintar marini ba za ta kai ta ba, don haka wadda ta je kallon fure sanye da zanen reshen sakura a buɗe ta sa kanta a takarar da ba za ta ci ba. Abin da ya dace da ita a wannan makon shi ne zanen ɓarɓashin furen yana zubowa ko yana yawo a kan ruwa, wanda ke nuna abin da zai faru nan da 'yan kwanaki, ko kuma ta tsallake gaba ɗaya ta sa fuji, furen nan mai ruwan shunayya da ke reto kamar zangarniya, wanda lokacinsa ke zuwa a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu. Riga lokaci alama ce ta wayewa, makara kuma alama ce ta sakaci, kuma hukuncin ba ya daidaita a tsakanin ɓangarorin biyu, domin ana yafe wa wadda ta yi sauri da wata guda fiye da wadda ta yi jinkiri da mako ɗaya.

Wannan ɗabi'a ta girmi kimono kamar yadda aka san shi a yau. Tushenta yana fadar zamanin Heian, daga shekarar 794 zuwa 1185, lokacin da Kyoto ta zama mazaunin sarki. Abin sha'awa shi ne, matan fadar ba zanen fure suka fi dogara da shi ba, launi suke amfani da shi. Mace takan jera riguna na siliki, wata a kan wata, kowace da launinta, ta yadda a bakin hannu da wuya da gefen ƙasa za a ga launukan sun fito layi-layi. Kowane jeri yana da sunan tsiro da lokacin da ake sa shi. Idan aka ɗora farin siliki mara kauri a kan ja, jan yakan huda farin ya ba da ruwan hoda mai haske, wannan shi ne jerin sakura. Akwai wani jeri na ƙarshen hunturu da ake kira yuki no shita, wanda ke da fari biyu a sama, sannan ruwan hoda na furen ume yana raguwa a hankali, sannan kore a can ciki, wato dusar ƙanƙara a bisa, fure a ƙarƙashinta, toho kuma yana jiran lokacinsa. Wani bafade mai suna Minamoto no Masasuke ya rubuta irin waɗannan jeri a wani littafi a ƙarni na 12. Matan manyan gidaje ba sa nuna fuska ga maza baƙi, suna zama ne a bayan labulen gora, amma sukan bar bakin hannayen rigunansu su leƙo ta ƙarƙashin labulen ko ta gefen keken shanu, kuma daga wannan ɗan abin da ya leƙo ake yanke hukunci kan tarbiyyar mace da iliminta. Sei Shonagon, wadda ta yi hidima a fada wajen shekarar 1000, ta lissafa abubuwan da ke kashe wa mutum jiki a littafinta, kuma a cikinsu, kusa da kare mai haushi da rana tsaka, ta sa riga mai launin jan ume a wata na uku ko na huɗu. Hukuncin da aka ambata a farkon wannan rubutu ya haura shekara dubu ke nan.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, wa ya zaɓi tsirran da suka shiga wannan kalanda? Japan tana da dubban tsirrai, amma 'yan kaɗan ne suke ta maimaituwa a jikin tufafi, kuma ba lambu ne ya zaɓe su ba, waƙa ce. Kundin waƙoƙin harshen Japananci mafi tsufa, Man'yoshu, wanda aka kammala tattarawa bayan shekarar 759, yana da waƙoƙin ume fiye da 100, na sakura kuwa ba su kai rabin haka ba, domin a lokacin ume, wanda aka kawo daga Sin, shi ne furen masu ilimi. Sunan zamanin sarkin Japan na yanzu, Reiwa, wanda ya fara a 2019, daga gabatarwar wasu waƙoƙin ume na wannan kundi aka ciro shi, waƙoƙin da aka yi a wata walima a Dazaifu a shekarar 730. A cikin kundin ne kuma Yamanoue no Okura ya lissafa furannin kaka guda bakwai, kuma har yau idan marini ya ce zai zana ciyayin kaka, daga cikin waɗannan zai ɗauko: hagi mai ƙananan furanni a kan rassa masu lanƙwasa, susuki mai farin gashi da ke kaɗawa a iska, kikyo mai kama da tauraro mai kusurwa biyar, da sauransu. Da aka zo kan kundin Kokinshu, wanda aka tattara da umarnin sarki wajen shekarar 905, sai aka tsara littattafansa shida na farko bisa lokutan shekara, biyu na lokacin toho, ɗaya na zafi, biyu na kaka, ɗaya na hunturu, kuma a ciki aka jera waƙoƙin daki-daki, daga tohon farko zuwa zubewar ƙarshe. A nan ne sakura ta karɓe kambu daga hannun ume. Wannan tsari ya zama ma'auni na ƙarnuka, har ya kai ga mawaƙi ba ya tambayar abin da ya gani a waje, yana tambayar abin da ya kamata a gani a wannan watan. Rashin daidaiton rabon ma ya bar sawu a tufafi, domin har yanzu zanen lokacin toho da na kaka sun fi na zafi da na hunturu yawa da wadata.

Saboda haka zane da yawa ba hoton tsiro ba ne kawai, ishara ce ga wata waƙa ko wani labari. Jan ganyen momiji yana yawo a kan layukan ruwa mai gudu sunansa Tatsutagawa, sunan wani kogi a yankin Nara wanda mawaƙan fada suka yi ta ambatonsa saboda ganyen kaka da ke rufe shi. Furen kakitsubata mai ruwan shuni-shuni kusa da gadar katako mai karkace-karkace sunansa Yatsuhashi, kuma yana tuna wani wuri a cikin tatsuniyoyin Ise inda wani bafade matafiyi ya tsaya a bakin fadama ya yi waƙar kewar matarsa da ya bari a babban birni, har abokan tafiyarsa suka zubar da hawaye. Mace mai wannan zane a farkon Mayu tana faɗin wata, tana kuma nuna cewa ta yi karatu. Marina sukan cire mutanen labarin gaba ɗaya su bar gada da fure kaɗai, wani lokaci ma su cire gadar, su bar wa mai kallo aikin cike gurbin.

Zanen fure a matsayin hoto sosai ya bunƙasa ne da rigar da ake kira kosode, tushen kimono na yau, wadda a da ta ciki ce, sannan ta fito waje ta zama babbar tufa daga wajen ƙarni na 16. Ɗinkinta ya taimaka. Ana yanka ta ne daga ƙyalle guda mai faɗin kusan santimita 37 da tsawon kusan mita 12, a yanka shi gida takwas a miƙe, ba a bin siffar jiki, don haka bayan rigar yakan zama fili shimfiɗaɗɗe kamar allon mai zane. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, zaman lafiya ya daɗe, 'yan kasuwar Kyoto da Osaka da Edo, wato Tokyo ta yau, suka yi dukiya, matansu kuma suka shiga gasar ado da matan samurai, wato mayaƙan da ke riƙe da mulki. Tun wajen 1666 aka fara buga littattafan samfurin zane, inda mace za ta buɗe shafi ta nuna wa mai kanti abin da take so. Gwamnatin shogun, shugaban mayaƙan da ke mulkin ƙasar, ba ta ji daɗin ganin na ƙasa suna fin na sama ado ba, kuma a 1683 ta kafa dokar hana ƙyallen zinariya da surfani da wani irin rinin ɗauri mai tsada, wanda ake tsunkule siliki a ɗaure da zare ɗigo-ɗigo har ya rufe riga baki ɗaya. Dokar ba ta kashe ado ba, ta tura shi wata hanya ce, kuma hanyar ita ce rinin yuzen, wanda ya ɗauki sunan Miyazaki Yuzensai, wani mai zanen mafici a Kyoto wanda salon zanensa ya yi tashe a ƙarshen ƙarni na 17.

Yana da kyau a dubi aikin yuzen kusa-kusa, domin shi ya ba marini damar zana jijiyar ganye. Da farko ana tsara zanen a kan farin siliki da ruwan wani shuɗin fure mai suna aobana, wanda ke wankewa tas idan ya taɓa ruwa. Sai a zuba ƙullun shinkafa mai danƙo a cikin wata 'yar mazurarin takarda mai bakin ƙarfe, a riƙa matsawa ana bin kowane layi da shi, siriri kamar zare. Ƙullun yana zama ganuwa, launin da aka shafa da buroshi a cikin wannan fure ba zai malala ya shiga na kusa da shi ba. Idan an gama cike furanni sai a rufe su duka da ƙullu, a rina sauran filin rigar, a turara ƙyallen don launi ya kama, sannan a wanke. Inda ƙullun farko ya zauna yakan fito fari fat, kuma wannan siririn farin layi da ke kewaye kowane ganye shi ne shaidar yuzen na hannu. A da ana wanke dogayen ƙyallayen ne a cikin kogi, a Kamo na Kyoto da Asano na Kanazawa. Salon Kanazawa, wanda ake kira Kaga yuzen, ya tsaya kan launuka biyar na asali, kuma yana da wata ɗabi'a da nake ganin ta fi kowace bayyana tunanin da ke ƙarƙashin wannan sana'a: marini yakan zana ganyen da tsutsa ta ci, da ramin da gefensa ya fara ƙonewa. Attajira ta biya kuɗi mai yawa don a saka mata ganye mai aibi a riga, domin ganyen da babu tabo ba ya nuna wane mako ake ciki, wanda tsutsa ta taɓa kuwa ya nuna cewa lokaci ya fara tafiya.

Manyan masu zane ma sun sa hannu. Ogata Korin, wanda ya rayu daga 1658 zuwa 1716, ɗan gidan 'yan kasuwar tufafi ne na Kyoto mai suna Kariganeya. Akwai kosode guda da ya zana da hannunsa kai tsaye a kan farin siliki don matar wani attajirin katako na gidan Fuyuki a Edo, tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Tokyo. Ciyayin kaka ne a jikinta, kikyo da susuki da hagi da kiku, wani fure mai kunnuwa da yawa, da tawada da launuka marasa ƙarfi, an bar fili da yawa babu komai.

Lokacin zafi ne ya fi nuna cewa ƙa'idar ba ta kwaikwayon abin da ke waje ba ce. A Yuli da Agusta ana sa siliki shara-shara, ro ko sha, wanda aka saƙa da 'yan ramuka don iska ta ratsa, kuma abin da aka fi zanawa a kansa shi ne ciyayin kaka, da ruwa mai gudu, har ma da yukiwa, da'ira mai gefe tsaga-tsaga da ke wakiltar dusar ƙanƙara. Furannin zafi na gaske, irin su asagao mai buɗewa da asuba, suna nan, musamman a jikin yukata, rigar zafi mara nauyi ta auduga, amma babbar riga ta fi karkata ga abin da zai sanyaya ido. Masu sana'ar sukan ce mai sa kimono a zafi tana sa shi ne don wanda ke kallonta ya ji sanyi, ko da ita kanta tana gumi a cikin ɗamara. Nauyin ƙyalle ma yana da nasa jadawali: riga mai shafi daga Oktoba zuwa Mayu, mara shafi a Yuni da Satumba, shara-shara a watanni biyu na tsakiya. Ranakun sauya tufafi, 1 ga Yuni da 1 ga Oktoba, har 'yan makaranta suna bin su da kayan makarantarsu.

Da a ce kowace riga tana da mako uku kacal a shekara, da sai masu hannu da shuni ƙalilan za su iya bin al'adar, don haka ta tanadi mafita tun da daɗewa. Ta farko ita ce, gwargwadon yadda zane ya yi kama da tsiron gaske, gwargwadon yadda lokaci ya ɗaure shi. Sakura da reshenta da ganyenta ta Maris ce, amma furen shi kaɗai, an mai da shi tambari mai kunnuwa biyar ana maimaitawa, ana iya sa shi kowane wata. Ta biyu ita ce a haɗa lokuta da yawa a riga ɗaya, sakura da momiji tare, ko amalanke cike da furannin duk shekara, ko rukunin nan na huɗu da aka aro daga masu zanen Sin, wato ume da ran, furen da Turawa ke kira orchid, da gora da kiku. Wannan ne ya sa furisode, riga mai dogon hannu da 'yan mata ke sawa a bikin cika shekarun girma a Litinin ta biyu ta Janairu, take cike da manyan furannin botan da kiku da sakura a tsakiyar hunturu ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Ta uku, kuma mafi sauƙi ga aljihu, ita ce a bar rigar babu zane mai ɗaure lokaci, a ɗora wa obi, wato faffaɗar ɗamarar, nauyin faɗin wata. Maiko, 'yan matan da ke koyon aikin geisha a Kyoto, wato nishaɗantar da baƙi da rawa da waƙa, sun kai abin ga adon kai, inda furen siliki da ke gashinsu yake sauyawa kowane wata, ume a Fabrairu, fuji a Mayu, kikyo a Satumba, momiji a Nuwamba.

Akwai kuma tsirran da ma'anarsu ta rinjayi lokacinsu. Matsu, itace mai ganye kamar allura da ba ya bushewa, da gora wadda ke lanƙwasa a ƙarƙashin ƙanƙara ba ta karye ba, da ume mai fure cikin sanyi, su uku tare ana kiransu shochikubai. Asalinsu daga Sin ne, inda ake ɗaukarsu abokan hunturu uku, amma a Japan sun zama alamar murna, kuma ana ganinsu a baƙar rigar da uwar amarya ke sawa ko da a Yuni aka ɗaura auren. Kiku furen kaka ne, amma tsohon labarin Sin da ke danganta shi da tsawon rai, da kuma kasancewarsa tambarin gidan sarauta mai kunnuwa 16, wanda ake dangantawa da son da Sarki Go-Toba ya yi masa a farkon ƙarni na 13, sun fitar da shi daga kangin watanni. Zanen asanoha, ganyen asa da aka mayar taurari masu kusurwa shida, shi ake ɗinka wa jarirai, domin tsiron yana girma da sauri kuma a miƙe. A wannan fanni kimono ya ɗan yi kusa da abin da muka sani, domin aska takwas a ƙirjin babbar riga tana maganar matsayi da mutunci ne, ba ruwanta da ko damina ake ciki ko rani. Bambancin shi ne a Japan wannan harshe na matsayi yana zaune ne kafaɗa da kafaɗa da harshen lokaci, kuma dole mai sawa ta san wanne ke magana a kowace riga. Ana yawan cewa samurai sun ƙi furen tsubaki saboda yana faɗuwa gaba ɗaya kamar kan da aka sare, amma labarin ya fi kama da abin da aka ƙawata daga baya, tunda a zamanin Edo manyan gidajen mayaƙa sun yi ta renon tsubaki a lambunansu.

Sai dai wannan kalanda ta wane wuri ce? Ta Kyoto ce. Japan doguwar ƙasa ce daga kudu zuwa arewa, kuma sakura da ke buɗewa a Tokyo a ƙarshen Maris ba ta isa Hokkaido sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Hujjar da ta fi ƙarfi tana Okinawa, tsohuwar daular Ryukyu, inda rinin bingata na fada yake ɗauke da gora mai nauyin dusar ƙanƙara da jan momiji, a tsibiran da ba a san zubar ƙanƙara a cikinsu ba. Marinan can sun karɓi zanen ne a matsayin ado mai daraja daga arewa, suka haɗa fure da ƙanƙara a ƙyalle ɗaya da launuka masu ƙarfi, ba tare da sun ɗauki ƙa'idar watanni ba. Hatta sakurar da mawaƙan Heian suka sani, yamazakura, wadda ke fitar da jajayen ganye tare da fure, ba ita ce ta cika titunan Japan a yau ba. Wadda ta cika su, somei-yoshino, an samar da ita ne a ƙarshen zamanin Edo.

Ranar 1 ga Janairun 1873 gwamnatin Sarki Meiji ta jefar da kalandar wata ta ɗauki ta Turawa, kuma wannan ya gurɗa komai da kusan wata guda. Bikin kiku na ranar tara ga wata na tara, wanda a da yake faɗowa a Oktoba lokacin da furen ya cika, ya dawo 9 ga Satumba, sa'ad da bai ko buɗe ba. Bikin 'yan mata na 3 ga Maris ana kiransa bikin furen momo, alhali itacen ba ya fure a waje sai ƙarshen watan. A ganina wannan sauyi ya ƙara wa ɗabi'ar riga lokaci ƙarfi ba tare da an yi niyya ba, domin ranakun bukukuwa da kansu sun koma gaban furanninsu. A zamanin Meiji ne kuma rinin kanti na Turai ya shigo, aka koyi cuɗa shi da ƙullu a buga ta kan takardar da aka huda, yuzen ya yi arha. A shekarun 1920 da 1930 silikin meisen na garuruwa irin su Isesaki da Ashikaga da Chichibu ya cika kasuwa da manyan furannin wardi da tulip, waɗanda babu wata tsohuwar waƙar fada da ta ba su wata, kuma 'yan makaranta da ma'aikatan kanti suka sa su yadda suka ga dama.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu sukar al'adar a Japan suke faɗa, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Lokacin da kimono yake tufar yau da kullum, yawancin mata suna da riguna ƙalilan, masu ratsi ko na shuni, suna sa abin da suke da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kayan Turawa suka karɓe rayuwar yau da kullum, 'ya'ya mata suka tashi ba su koyi ɗaura obi a wurin iyayensu ba, sai makarantun koyar da sa kimono suka yawaita a shekarun 1960 da 1970. Abin da a da ɗanɗano ne da ake ɗauka a hankali a cikin gida, makaranta ta mai da shi jadawali da ake haddacewa, 'yan kasuwa kuma ba su ƙi ba, tunda ƙa'idar da ta ce kowane wata da rigarsa ƙa'ida ce mai sayar da riguna. Tushen tsoho ne, kamar yadda maganar Sei Shonagon ta nuna, amma tsaurin da ake yi wa kowa da kowa sabo ne, kuma bai ceci kasuwar ba, wadda ta ragu ƙwarai daga ƙololuwar da ta kai wajen 1980. Matasa da dama suna cewa tsoron a tare su a titi a gyara musu kuskure yana cikin abin da ke hana su sa rigar.

Yanzu kuma yanayin kansa ya fara zamewa daga ƙarƙashin jadawalin. Kyoto tana da tarihin ranakun cikar furen sakura da aka tattaro daga littattafan fada da na gidajen ibada tun ƙarni na 9, kuma a 2021 furen ya cika ranar 26 ga Maris, wanda a lokacin shi ne mafi sauri a cikin kusan shekara 1,200, alhali a ƙarnukan baya tsakiyar Afrilu aka saba. Wadda ta bi ranar da kakarta ta koya mata don ta riga furen tana iya fitowa ta tarar itatuwa sun riga ta. Zafi yana shigowa tun Mayu, yana kuma jan ƙafa har Oktoba, jan ganyen Kyoto yakan kai farkon Disamba, don haka masu kantuna da malamai da yawa sun sassauta, suna ba da shawarar a sa riga mara shafi tun Mayu idan rana ta yi zafi, a ajiye tsaurin jadawalin don bikin aure da taron shan shayi na gargajiya.